Akwatin Intanet na Malama Humu

Malama Humu ta shekara goma sha bakwai tana koyar da Alƙur'ani a tsakar gidansu a unguwar Akwatia Line kafin 'yan Zango, Hausawan garin, mazauna Jamus su fara roƙonta ta riƙa yi wa 'ya'yansu karatu ta bidiyo. Bayan la'asar take zama, lokacin yaran can sun dawo daga makaranta. Saboda haka ta sa aka kawo mata akwatin intanet na gida, wanda takardar kamfani ta ce gudunsa megabit hamsin.

Ita ta nuna wa Rafia wannan hanya. Rafia tsohuwar ɗalibarta ce, yanzu tana aure a unguwar Asawase, a saman bene. Kamfaninsu ɗaya, akwatin ma iri ɗaya. Amma Humu na cikin jan aya sai fuskarta ta daskare a waya, yaro a Hamburg yana ta "Malama? Malama?" Na Rafia kuwa ko gezau. Cikin wata uku gida biyu suka mayar da 'ya'yansu wajen Rafia, tare da ban haƙuri mai daɗi.

Abin na cin Humu a rai. A wani taron suna a unguwar Bantama aka yi ta yabon karatun Rafia, alhali ita ta san yarinyar har yau tana gajarta maddi. Ta tashi ko abincin ba ta taɓa ba. Kafin trotro, motar haya, ya sauke ta, ta gama yanke cewa mijin Rafia ya san wani a kamfanin.

Ta matsa har aka turo ma'aikaci, wani dattijo mai suna Mutala. Ya auna gudun a ɗakinta, megabit shida. Ya fita ƙofar gida, ashirin da biyu.

Ya nuna mata takardar. "Hajiya, duba nan. Cewa aka yi 'har zuwa hamsin'. Ƙiyasi ne. Ɗakinki na can ƙurya, bango uku, rufin kwano, ga sabon benen nan ya shiga tsakaninki da eriyar kamfani. Kuma da yamma kowa a unguwar nan yana kai."

"To, Rafia ta Asawase fa?"

"Ban san ta ba. A sama take?"

"Hawa na biyu."

"To, shi ke nan."

Da cewa ya yi an cuce ta, da ya fi mata sauƙi.

Mutala ya mayar da akwatin tagar zaure, gudun ya kai sha huɗu. A nan take karatu yanzu, cikin hayaƙin kifin da maƙwabciya ke soyawa.

Wata Juma'a Rafia ta zo gaisuwa, ta durƙusa ta ce, "Malama, akwai ɗaki a wajena. Ki zo ki riƙa yi a can mana."

Humu ta dubi sabon mayafin Rafia. "Allah ya yi miki albarka. Gwiwata ba ta son matakala."

Gwiwarta lafiya lau take. Ta raka Rafia har bakin titi, ta dawo ta shimfiɗa tabarma a zaure.