Sunan da Kaka Ta Ƙi Kamawa

Jiya a wurin nunin kayan da ƙungiyar tarihi ta shirya a Tambuwal, kakata ta ja ta tsaya gaban wani hoton zamanin Jihar Arewa: mutum riƙe da garmar shanu, ba suna a ƙasa.

"Wanga maigidana na," in ji ta.

Mai kula da wurin ya matso. "Hajiya, mi as sunanai?"

Ta ƙura wa hoton ido. Na ɗauka ta manta ne, don kwanan nan har sunayenmu take mantawa.

Sai ta harare shi, ta nuna ni. "Ni in kama sunanai? Ga takwaranai nan, shi gaya maka."

Na yi ajiyar zuciya. Ashe kunya ce, ba mantuwa ba, ga mutumin ya daɗe da rasuwa.

Ku taku kakar tana kamawa?