Ranar da Mushe ya mari ƙanena

Shekarun baya, a shekara ta biyu da samun 'yancin kai, wata Talata da hantsi, aka tara yaran ƙauyenmu na kusa da Gazawa a ƙofar maigari domin ɗaukar 'yan lakol, wato makarantar boko. Akwai maigari, da malamin da aka turo, wanda muke kira Mushe irin na Faransanci, da mahaifina, da ni. Ni aka ba riƙon littafin sunaye saboda na shekara uku a lakol, ina ta hura hanci kamar ni ne kumandan mai mulkin yankin.

Ƙa'idar ita ce yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunnen ɗaya gefen. In ya kai, ya isa shiga. Ƙanena ya kai.

Shi ƙanen nawa ba ya ƙirƙirar magana tasa. Yakan adana maganar da ya taɓa ji, ya fito da ita idan irin halin ya sake samunsa. In yana jin ƙishirwa sai ya ce, "Wa ya bar randa buɗe?" da muryar kakarmu. In wani abu na masa ciwo sai ya ce, "Sannu, zai huce," abin da mahaifiyarmu ta faɗa masa ranar da ya taka garwashi. Sabuwar tambaya kuwa, maimaita ta yake yi kafin ya gane ta. Duk gidanmu mun san haka.

Mushe ya ce, "Kai yaro, mi sunanka?"

Ƙanena ya ce, "Kai yaro, mi sunanka?" da muryar Mushe sak.

Aka fashe da dariya. Mushe ya ɗauka izgili ne, ya wanka masa mari. Ƙanena bai yi kuka ba. Ya dafe kunci yana cewa, "Sannu, zai huce. Sannu, zai huce."

Maigari ya ce, "To, Mushe, ga shi har jaje yake maka, hannunka ya sha wahala!"

Mahaifina ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, haka Allah ya yi shi."

Mushe ya ce in soke sunan, lakol ba gidan wawaye ba ne. Na san abin da ƙanena ke faɗa: ciwo yake ji. Da na buɗe baki na bayyana, ƙila da an bar shi. Amma na ji tsoron a haɗa ni da shi a dariyar. Na ja layi a kan sunansa, layi mai kyau, miƙaƙƙe.

Yau likitoci na kiran irin halinsa galahanga. Sanin sunan bai rage mini haushi ba. Ina jin haushin Mushe, ina jin na maigari, amma na mai riƙe da alƙalamin ya fi ci mini rai. Na ƙare aikina a gidan rediyo ina maimaita maganganun wasu, ana yaba lafazina.

Ƙanena bai taɓa shiga aji ba. Daga ranar nan bai sake furta kalma a gaban baƙo ba har ya rasu.