Jiragen da Suka Ƙi Barin Tasha

Tun tana ƙarama ake kiranta In-Kuma, domin ba ka gama yi mata bayani sai ta ce, "To in kuma abin bai tafi haka ba fa?" Mahaifiyarta ta sha cewa yarinyar nan sai ta sa wa mutum hawan jini. Ai kuwa da ta girma, halin nan ne ya zama hanyar cin abincinta.

Ofishinta ɗan ɗaki ne a saman bene, da fanka mai ƙara da allon da ba a taɓa goge shi tas ba. Aikinta tantance manhajojin da ke aiki a lokaci guda suna rabon abu ɗaya. Takan gina kwaikwayonsu a kwamfuta, ta sa injin bincike ya bi duk yadda abubuwa za su iya jeruwa, wannan ya riga wancan, wancan ya riga wannan, har a tabbatar babu inda za a yi karo. Tana son aikin nan kamar me. Mijinta, malamin makaranta mai sanyin hali, yakan ce ita kaɗai ya sani da ake biya don ta yi zargi.

A makon da aka ba ta manhajar fitilun ba da hanya na wata tashar jirgin ƙasa, sun ɗan saɓa da Malam kan gidan da ya gano musu ba tare da ya shawarce ta ba. Ba wanda ya ɗaga murya, kowa dai ya tsuke bakinsa. Daga gaisuwa sai abinci. Shirun yana cin ta, tana kewar hirarsu, amma ta ƙudura shi zai fara magana tunda ita ce da gaskiya.

Da injin ya gama, sai ya nuna kore: babu yadda jirage biyu za su haɗu a layi ɗaya. Tana cikin murna yayarta ta kira.

"Ya gida, ya Malam?"

"Lafiya lau, Yaya. Mu ko faɗa ba ma yi."

"Faɗa dai ba kwa yi. Hira fa?"

In-Kuma ta yi ta kame-kame har suka yi sallama. Ta daɗe tana kallon koren nan, sannan ta yi wa injin wata tambaya dabam: akwai hanyar da ko jirgi ɗaya zai bar tasha? Ya ce babu. Ashe a kwaikwayon nata kowane jirgi jiran ɗan'uwansa yake ya fara wucewa. Ina za a yi karo, alhali ba mai motsi? Ta yi wa kanta dariya, kunya kuma ta kama ta. Ta gyara, ta sa dokar da za ta ba ɗaya dama ya fara tafiya.

Da yamma ta tarar da Malam a falo yana duba takardun ɗalibai. Ta ajiye jaka, ta ɗan tsaya a bayansa.

"Malam, gidan nan da ka gano, kicin ɗinsa da taga kuwa?"

Ya ajiye biro da sauri har biron ya gangara ƙasa.

"Biyu ma," ya ce. "Saboda ke na zaɓe shi. Tun ranar nake so in gaya miki."