Karafan ɗin Badaru

Duk wanda ya zauna a unguwar Al-Azizya ta Madina a ƙarshen shekarun casa'in ya san Badaru, mutumin Gumel mai haɗa magani a wani asibiti. Mutum ne mai sanyin murya da taurin kai. Mu maƙwabtansa mun san idan ya ce "to, za mu gani," magana ta ƙare, sai dai ka tanadi haƙuri.

Mahaifiyarsa Iyatu tana zaune a gidansa. Ciwon suga ya kama ta, ya sa ba ta iya riƙe fitsari. Wata shekara sun tafi umra a bas, direba ya ƙi tsayawa, abin da take gudu ya same ta a gaban mutane. Tun ranar ta ce ita da Makka sai a mafarki. Amma duk sa'ad da wata maƙwabciya ta dawo da zamzam, sai ta sha, ta juya fuskarta bango. Wannan abu ya tsaya wa Badaru a rai ƙwarai.

Ya ji labarin wani Bature injiniya a Yanbu zai koma ƙasarsu, yana sayar da karafan, wato motar nan mai gado da kicin da banɗaki a ciki. Badaru bai taɓa tuƙa abin da ya fi ƙaramar mota ba. Ya je ya dubo injin, ya dubo taya, ya kunna mukayyif ya ji sanyi, ya saya. Ranar da ya shigo da ita unguwa ya kwashe igiyar shanyar mutane biyu, muka sha dariya har da hawaye.

"Ya Duktur," in ji mai baƙala, wato kantin layinmu, "gida ka saya ko sayyara?"

"Duka biyun," ya ce, ya ci gaba da ƙoƙarin ja da baya.

Bai kula mu ba. Kowace Juma'a bayan la'asar sai ya ɗauke ta zuwa hanyar Khaibar yana koyon kwana da birki. Ya koyi cika tankin ruwa, ya koyi zubar da na ƙazanta da hannunsa, shi da ko ƙura ba ya so a farar rigarsa. Da ya gamsu, sai ya durƙusa gaban tsohuwa.

"Inna, ga ɗakinki ga banɗakinki. Ba direban da za ki roƙa. Ni ne direban."

Sai tsohuwa ta ce wa matarsa Zulaiha ta fito mata da farin mayafinta.

Suka ɗaura niyyar umra a Bi'ir Ali, suka kama hanya. Badaru yana talbiyya da ƙarfi, zuciyarsa fari ƙal. Rana ta ɗaga, tafiya ta yi nisa, sai Zulaiha ta matso bayan kujerarsa.

"Inna fa ta ƙi shan ruwa tun safe. Leɓenta ya bushe."

Badaru ya san abin da ƙishirwa take yi wa mai suga. Ya tambayi tsohuwa ko lafiya, ta ce lafiya lau. Shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta kira, balle ta yi masa zancen banɗaki. Sai da Zulaiha ta lallashe ta, sannan ta raɗa mata a kunne, ita kuma ta sanar da shi.

Ashe wanda ya ƙera motar ya dasa mazaunin banɗakin yana kallon gaba. A Madina alƙibla kudu take, motar kuma kudu ta nufa. Duk wanda ya zauna a wurin, Ka'aba ya fuskanta. Iyatu ta leƙa tun a Bi'ir Ali ta gani, ta yanke wa kanta hukuncin ba za ta sha ba, don kada ta buƙaci shiga.

Badaru ya dubi komai na motar nan, wannan kaɗai bai duba ba, kuma abin ya yi masa ciwo. Ya san akwai malaman da suka sassauta idan a cikin gini ne. Bai ko fara kawo mata wannan ba, don ya san uwarsa.

Ya sauka daga kwalta a wani fili mai tsakuwa. Ya ja gaba, ya ja baya, tayar baya tana nutsewa, haraminsa yana zamewa daga kafaɗa, gumi yana zuba. Manyan motoci suna wucewa suna masa oda. Bai daina ba sai da hancin motar ya kalli yamma sosai. Ya kashe injin, ya juyo.

"Zulaiha, gaya wa Inna yanzu alƙibla tana gefenta. Duk lokacin da take so, haka zan yi, ko da gobe za mu isa."

Ya buɗe ƙofa ya fita cikin rana, ya yi nisa, ya juya wa motar baya don kada ta ji nauyinsa.

Iyatu ta ɗaga labule, ta daɗe tana kallon ɗanta tsaye a kan tsakuwa mai zafi. Sannan ta miƙa wa Zulaiha hannu.

"Ba ni ruwan nan, 'yar nan. Cika kofin."