Shekarar da Bututun Gidanmu Ya Fara Ƙarya

Duk wanda ya zauna a layinmu na unguwar Ka'akiyya, a ƙasa mai tsarki, ya san ni na ceci Goggo Asabe daga hannun jawazat, masu kamen marasa takarda, ina ɗan aji uku, ba sanda ba wuƙa. 'Ya'yana sun haddace labarin, kullum kuma ƙara tsawo yake.

Goggo yayar Babanmu ce. Ta zo Hajji tun ba a haife ni ba ta yi zamanta, ba ta da igama, takardar izinin zama. Lokacin aikin Hajji tana dafa wa ma'aikata abinci a Arfa, sauran shekara tana soya mana ƙosai tana jan kunnenmu. A benen da muke haya akwai dabarar da kowa ya sani. Tagar Hajiya Balaraba ta hawan sama tana kallon bakin titi. Da ta hango motar jawazat sai ta ɗauki muciya ta doki bututun ruwan da ya sauko ta bangon kowane kicin. Ƙarar na sauka, marar takarda ya san inda zai nufa. Maɓoyar Goggo wani lungu ne a sito, bayan tulin katifun da Baba ke ba alhazai haya. Mutum ɗaya yake ci, shi ma sai ya riƙe numfashi.

Da sanyin shekarar nan tankin saman bene ya ƙafe ƙaf, muka yi ta jido da jarka har tankar ruwa ta zo. Tun daga ranar bututu ya fara bugu da kansa. Ana zaune da rana tsaka sai ka ji ƙwal, ƙwal, hitar dafa ruwan banɗaki kuma ta hau gurnani kamar raƙumin da aka ɗora wa kaya fiye da kima. Goggo ta ruga sito da ƙullu a hannu, gida ya yi tsit, mu yara a toshe mana baki. Can Hajiya Balaraba ta sauko tana rantsuwa ko muciyar ba ta taɓa ba. Aka ce aljanu ne, aka yi turare, aka yi karatu, bugu bai fasa ba. Kiran mai gyaran famfo kuwa ba ya cikin zance, wa zai shigo da baƙon ido gidan?

Wata rana Goggo ta fito daga lungun tana ɗingishi ta ce, "Gwiwata ta gaji. In sun zo su same ni a tabarmata." A makon nan aka yi kame a layin bayanmu, aka tafi da wata mata tukunyarta na kan wuta. Baba ya daina dariya. In bututu ya buga sai ya dubi Goggo, ita kuma ta ci gaba da jan carbinta.

A wurin aiki Baba ya yi tambaya a fakaice, aka ce masa iska ce ta shige bututun da tanki ya ƙafe, ruwa ke tunkuɗarta. Ya dawo ya kashe hita, ya ba kowa a benen famfo ɗaya, a buɗe gaba ɗaya. Na banɗaki aka ba ni. Na murɗa, ya yi huci kamar kububuwa, ya yi tari, ya tofa mini jan ruwa a fuska, bututun ya saki bugun da ya girgiza bango. Ni kuwa, yadda nake ba da labarin, na tsaya ƙyam har ruwa ya zubo sumul. Ƙarya ta ƙare. Ranar da muciyar gaske ta sauka, Goggo ta shige ba gardama, jawazat suka hau suka sauka suka tafi hannu wofi.

An rushe benen nan tuni. Yanzu a unguwar Zahir nake, bututunmu cikin bango yake, shiru, ban ma san sunan maƙwabcina na sama ba. Amma in hita ta yi motsi, har yau sai gabana ya faɗi.

Goggo ta koma Kano da ƙafarta. Kwanaki ina ba yara labarin, tana ji ta waya, sai ta ce, "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah. Bugun ranar har ni da na rantse sai da na ruga sito, na tarar ka riga ni shiga lungun. Da jawazat ne, da tuni ina jirgi."