Daron Wake a Gaban Bagade

Shekarun baya, lokacin da nake da sauran gashi a tsakar kai, na yi wata rayuwa kashi biyu wadda ko abokina na ƙut da ƙut bai san da ita ba. Da rana ni ma'aikaci ne a wata maɗaba'a a Accra New Town, ina sa riga mai dogon hannu, ina jera katunan biki da na jana'iza. Da asuba kuwa ina bayan gidan Hajiya maƙwabciyarmu a Maamobi, ina hura wuta ƙarƙashin tukunyar shinkafa da wake, wadda mutanen gari ke kira waakye.

Mu Kiristoci ne. Iyayena daga arewacin Najeriya suka zo tun ba a haife ni ba, kuma a layinmu daga gidanmu kaɗai ake fita coci ran Lahadi. Wannan bai taɓa zama abin magana ba. Da Sallah nama har yawa yake mana, da Kirsimeti kuma mijin Hajiya ke yanka mana akuya don kowa ya samu ya ci. A gindin murhunta na girma. A nan na koyi yawan kanwar da wake ke so, da lokacin da ake tsame karan dafi don shinkafa ta yi ja ba ta yi baƙi ba, da yadda ake haƙuri da shito, wato baƙin yajin da ake soyawa a ci waken da shi, a wuta har mai ya taso. Ina son aikin nan, so na gaske. Tun ina ƙarami burina in ga tebur nawa na kaina da mutane a layi.

Da gwiwoyin Hajiya suka fara ba ta wahala, sai girkin ya dawo hannuna gaba ɗaya, ita kuma ta zauna a teburinta na bakin titi tana sayarwa. Mutane su riƙa cewa hannun Hajiya sai ƙara daɗi yake da tsufa. Ta yi dariya ta ce alhamdu lillahi. Ni kuma in zo wucewa da rigata mai guga, in gaishe ta kamar ban san hanyar bayan gidanta ba.

Kun dai san Zango, unguwannin Hausawa irin tamu. Namiji ya gasa tsire ba laifi, ya dafa shayi ya soya ƙwai ba laifi. Amma ya tsaya da ludayi a gaban daron wake, akwai sunan da za a laƙaba masa, ba sai na faɗa ba. Ga kuma mahaifina, dattijon ikilisiya, wanda ya ƙare ƙarfinsa a aikin gadi don in yi makaranta. Duk wanda ya tambaye shi ni, sai ya gyara hula ya ce, "Yana ofis." Ofishin nan kujera ɗaya ce a ciki, kuma ba tawa ba ce.

Wata rana muna sauke tukunya Hajiya ta ce, "Ɗana, na gaji. Akwai wata mata daga Kotobabi da ke ta roƙona teburin nan. Kai na fi so ka gaje shi, amma ba zan bar wa mai ɓuya a bayan gida ba. Mai wake, a ga fuskarsa. Ka yi tunani kafin wata ya mutu."

Na ce to. Na yi ta addu'a, amma gaskiya addu'ar mai wayo ce. Roƙon Ubangiji nake ya ba ni teburin ba tare da kowa ya gan ni a bayansa ba.

Ana cikin haka Lahadin godiyar kaka ta matso. A cocinmu ba mai gona, to al'adarmu ita ce kowa ya kawo wani abu daga aikin hannunsa. Tela ya kawo riga, kafinta ya kawo kujera, mai sabulu ta kawo sabulu. A jera su gaban bagade, wato teburin nan na gaban coci, dattijo ɗaya ya ɗaga kowanne ya faɗi na wane ne, bayan sujada a yi gwanjonsu don aikin coci. Dattijon nan mai ɗagawa kuwa mahaifina ne, saboda shi Allah ya ba murya. Ni kowace shekara ambulan nake kaiwa, irin ta mutanen ofis.

Ran Asabar mahaifiyata ta same ni ina goge takalmi. Ita ta daɗe da sani, don ita ke wanke rigunan da ke warin hayaƙi. Ta zauna ta ce, "Bana ma ambulan za ka kai?"

Na ce, "Mama, to me zan kai?"

Ta ce, "Wanda ya ba ka hannun, shi kake ɓoye wa? Ka tuna bawan nan na cikin Linjila da ya tona rami ya binne abin da ubangidansa ya damƙa masa. Shi ma ba ɓarawo ba ne, tsoro ne kawai." Ta tashi ta koma kan wankinta.

Washegari na dafa wake kamar yadda ban taɓa dafawa ba. Na cika daro, na jera taliya da gari da ganda da ƙwai a gefe, na rufe da farin ƙyalle. Hajiya ta naɗa min gammo da hannunta, ta ce Allah ya ba da sa'a. Sai ga ni a titi, kwat a jiki, daro a ka. Wuyana bai saba ba, tafiya nake kamar agwagwa.

A wurin mai shayi na ci karo da abokina. Ya ajiye kofi ya ce, "Aboki, lafiya? Hajiya ta ɗauke ka dako ne?"

Na ce, "Nawa ne. Ni na dafa. Wanda kake ci kullum ma ni nake dafawa."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, mutanen benci suka taya shi. Na tsaya na jira su gama. Abin mamaki, suka gama ɗin, kuma ƙasa ba ta tsage ba. Da na juya zan tafi ya ɗaga murya ya ce in dai haka ne daga yau a riƙa ajiye masa ƙanzo.

A coci na dire daron tsakanin kujerar kafinta da kwalin sabulu. Ƙamshi ya cika ɗakin, yara suka fara leƙe. Na ga wata mata ta rufe baki da mayafi tana taɓa ta kusa da ita. Ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azin ranar ba.

Mahaifina ya fara ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso kan daron ya dubi mai taimaka masa, aka raɗa masa a kunne. Ya ɗaga ƙyallen, tururi ya taso masa a fuska. Ya tsaya yana kallon daron. Ya daɗe a haka har mai ganga ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ina kallon takalmina ina cewa a zuci, ya Yesu, kada in zama sanadin kunyar tsohon nan.

Sai ya gyara murya ya ce, "Wannan wake ne. Aikin hannun ɗana." Ya mayar da ƙyallen ya wuce kan sabulu.

Ba zan ce muku komai ya tafi sumul ba. Matan zumunta na coci suka saye daron a gwanjo suka raba, har ana kankare gindinsa, amma wani dattijo ya ja mahaifina gefe ya yi masa jaje kamar an yi rasuwa. Yarinyar da nake nema a lokacin ta daina ɗaga wayata. A gida mahaifina bai ce min uffan ba, ni ma ban tambaya ba. Na ajiye aikin maɗaba'a, na tsaya a teburin Hajiya. Ranar farko na yi ta zuba wa mutane nama fiye da kima, Hajiya na daga kujera tana salati.

Bayan 'yan makonni, wata safiya na ɗago kai sai na hango hularsa a layi, bayan 'yan makaranta, riƙe da tsohon kwanonsa na gida. Mutane suka ce Baba ya wuce gaba, ya ƙi. Da layi ya zo kansa ya miƙo kwanon.

"Zuba min. Kada ka cika yaji, ka san cikina."

Na zuba. Ya tsaya yana kallon hannuna, sannan ya ce, "Shekara da shekaru ina ce wa uwarka ta je ta koyi shito wurin Hajiya. Ashe a ɗakina malamin yake kwana." Ya karɓi kwanonsa ya tafi. Na juya baya na ce wa na gaba hayaƙi ne ya shiga min ido.

Yanzu idan na tuna, abin da ke ba ni dariya shi ne yawan mutanen da na ji tsoro. Masu dariyar ranar yau su ne ke rigimar ƙanzo a teburina. Sun yi maganarsu sun koma kan hidimarsu, don kowa da abin da ya dame shi. Da na biye musu, da na tsufa ina jera katunan bikin wasu, ina kai wa Ubangiji ambulan alhali ba ita ya ba ni ba.

Mahaifina ya riga mu gidan gaskiya. Har yau duk godiyar kaka nakan naɗa gammo in ɗauki daron a kaina zuwa coci, ko da yake ina da masu taya ni aiki. Wani dattijo ne ke ɗaga kaya yanzu, mutumin kirki, yakan ma ƙara da yabo mai tsawo. Amma da zarar ya ɗaga ƙyallen nan, ni muryar Baba nake ji.