Wadda Ke Gaban Raga Ba Ta Waiwaye

Ni na riƙa raka jikata wurin wasan nan. Uwarta nas ce, aikinta bai san Asabar ba bai san Lahadi ba, ubanta kuma, ɗana na fari, sai yamma lis yake dawowa nan Gaithersburg, garin Turawan da muke zaune. Ba zai yiwu yarinya 'yar shekara goma sha uku ta tafi wani ɗakin wasa ita kaɗai ina zaune a gida ba. Sai in yafa mayafina, in ɗauki carbina, mu hau bas.

Badminton suke ce masa. Raga ce a tsakiya, kowa da raket a hannu, suna dukan wata 'yar aba mai gashin tsuntsu. Ranar farko na raina ta. Na ce abin da iska ke iya ɗauka, me zai yi wa mutum? Sai da na ji ƙararta a hannun manyan yaran, tas, kamar saukar bulala, sannan na gyara zama.

Mai koya musu wata baturiya ce 'yar Sikotland, doguwa, busasshiya, kai duk furfura, za mu yi sa'a da ita. An ce a ƙuruciyarta ita ke buga wa ƙasarsu, ta zaga duniya da raket, daga baya ta koma koyarwa, aure ya kawo ta nan. Turancinta ko yaran sai sun kasa kunne. Ni ba na jin ko ɗaya, amma ina da ido. Tun farko na lura idonta na hagu ba ya bin na dama. In za ta dubi mutum ta wannan gefen, sai ta juyo da kanta gaba ɗaya.

A bas na tambayi yarinyar. Sunana aka sa mata, don haka Takwara nake ce mata.

"Takwara, me ya sami idon matar nan?"

"Kaka, ba a tambayar mutane irin wannan a nan."

"Ba ita na tambaya ba, ke na tambaya."

Da Hausarta mai ɗingishi ta yi mini bayani. In ana buga bibbiyu, ɗaya tana gaban raga, ɗaya tana bayanta. Matar tana gaba wata rana, ta waiwaya ta ga abin da abokiyarta ke yi, abokiyar kuwa ta riga ta kawo duka. Abar ta shige mata ido. Daga nan wasanta ya ƙare. Shi ya sa abu na farko da take koya wa kowane yaro shi ne wadda ke gaban raga ba ta waiwaye, ko rufin ɗakin ne ya faɗo.

Tun daga ranar ban ƙara jan carbi da natsuwa a wurin ba. Duk ƙarar da ta tashi sai in ɗago in nemi yarinyar da ido. Na ce wa ubanta a cire ta, ya yi dariya ya ce, "Hajiya, gashin tsuntsu ne fa."

Mu kuma a gidanmu da tamu dokar. In babba ya kira, a ce na'am, a juyo, a zo. 'Ya'yan maƙwabta na gani suna amsa wa iyayensu da ƙeya, ido na kan waya. Na ce ban da gidan da nake. Tun tana rarrafe na dasa mata wannan, har ya zama ba ta ma tunani, bakinta da wuyanta tare suke amsawa.

Wata Asabar aka yi gasa da yaran wata unguwa. Ubanta bai taɓa ganin wasanta ba, ranar ya samu sarari, amma ya makara. Ya shigo ta ƙofar da ke bayansu, ita tana gaban raga, ta duƙa, abokiyar wasanta a bayanta. Murna ta kama shi. Ya ɗaga murya yadda yake kiranta a gida.

"Mamana!"

Na ji na'am ɗinta sarai. Sannan na ji tas.

Ban san yadda na tsallake kujeru ba, amma baturiyar ta riga ni, ta riƙe hannuwan yarinyar biyu kada ta murza. Na durƙusa zan buɗe idon in hura, yadda muke yi in abu ya faɗa wa yaro. Matar ta tare ni da gwiwar hannu, da ƙarfi, har na koma da baya. Ba a taɓa ture ni haka ba tun da na girma. Ta sa aka miƙo kofin takarda, ta kife shi a kan idon ba tare da ya taɓa shi ba, ta manne da filasta.

A asibiti likita ya haska, ya kira ubanta ya gani, ni ma na leƙa. Jini ya kwanta cikin baƙin idon, har rabi, kamar ruwa a kofi. Ɗana ya fassara mini. Kada ta sunkuya, kada ta yi gudu, barci ma a jingine. In jinin ya sake ɓallewa cikin 'yan kwanakin nan, ana iya rasa idon.

Na mayar da ita ɗakina. Na tara mata matasan kai, salla a zaune, ba sujada. Ko cokali ya faɗi sai in daka mata tsawa kafin ta duƙa. In ta yi atishawa sai in ruga in duba idon. Ubanta ya daina cin abinci, yana ta zagaye a bakin ƙofa.

"Hajiya, ni na kira ta."

"Ka kira, ta amsa. Wuce ka ci abinci, ba na jinyar mutum biyu."

Baturiyar ta zo dubiya da rana, yarinyar tana barci, babu mai fassara. Na ba ta shayi. Muka zauna muna sha. Can ta nuna nata idon, ta nuna ɗakin da yarinyar take, ta girgiza kai. Ko tana nufin ba irin nata ba ne, ko tana nufin babu dabara, ban sani ba. Bayan ta tafi na daɗe a tsaye riƙe da kofinta.

Ranar komawa asibiti likita ya rufe mata idon mai lafiyar, ya nuna mata rubutu a bango. Ta ƙura wa rubutun ido. Ni ban san abin da ke bangon ba, bakinta kawai nake kallo. Sai ta fara faɗa, ɗaya bayan ɗaya, yana saukowa zuwa ƙanana tana bi. A layin ƙasa ta tsaya, ta ce hazo take gani.

Jinin ya janye, in ji likita, kuma hazon zai ragu. Amma idon da ya taɓa buguwa irin haka yakan tashi da ciwo bayan shekaru, ba zafi ba alama, sai dai a riƙa kawo ta awo duk shekara har tsufanta. Na ce a sake faɗa mini. Aka sake, bai canja ba.

Yanzu kullum da safe in ta zo gaishe ni, sai in kama haɓarta in juya ta wajen taga in duba idon.

"Kaka, bas zai tafi ya bar ni."

"Ya tafi. Dubi sama."